Nahawun Esperanto ga ɗan koyo: da me ake farawa, a ina ake tuntuɓe?

Nafisa: Assalamu alaikum malamai. Ana ta cewa nahawun Esperanto ƙa'idoji 16 ne kacal. Da gaske ne? In haka ne, da wanne ɗan koyo zai fara? Sannan harafin n ɗin nan da ke maƙalewa a ƙarshen wasu kalmomi, wani wuri a sa shi, wani wuri a bar shi, ya ɗaure min kai.

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Ƙa'idoji 16 ɗin gaskiya ne. Suna cikin ɗan littafin da L. L. Zamenhof, wanda ya ƙirƙiri harshen, ya fitar da Rashanci a birnin Warso a 1887, aka kuma tabbatar da su a cikin Fundamento de Esperanto, littafin tushen harshen, wanda babban taron farko na masu Esperanto ya amince da shi a Boulogne-sur-Mer ta Faransa a 1905. Sai dai ƙashin baya ne kawai. An rubuta su ne don mutanen da suka riga suka san nahawun harsunan Turai, don haka akwai abubuwa da yawa da aka ɗauka kowa ya sani.

Ki fara da wasalin ƙarshe, shi ne ke gaya miki aikin kalma. Suna yana ƙarewa da -o, sifa da -a, bayanau da -e, aikatau tsura da -i. Ɗauki saiwar *rapid-*: *rapido* sauri, *rapida* mai sauri, *rapide* da sauri, *rapidi* yin sauri. Jam'i kuma -j ne, ana furta shi kamar y ɗinmu, kuma sifa tana bin sunanta: *bona domo* gida mai kyau, *bonaj domoj* gidaje masu kyau. Babu jam'in da ya kauce wa wannan. Wanda ya taso da gida-gidaje, littafi-littattafai, mace-mata zai ji kamar an sauke masa kaya.

Aikatau yana da ƙarshe shida, kuma ba ya canzawa saboda mai yin aikin: -as yanzu, -is an riga an yi, -os za a yi, -us da a ce, -u umarni ko fata, sai -i da na ambata. *Mi legas, vi legas, ili legas*, duk ɗaya.

Malama Rakiya: Malam Habu, ni da furuci zan fara kafin wasalin ƙarshe, saboda dukan tsarin da ka zayyana ya rataya ne a kan wasali ɗaya. A Hausa, in e ko o suka faɗo cikin rufaffiyar gaɓa sukan karkata zuwa a, shi ya sa ake rubuta karensa amma a baki a ji kamar karansa. In wannan ɗabi'ar ta bi mutum zuwa Esperanto, *mi venos* (zan zo) sai ta fito *mi venas* (ina zuwa). Dole a zagaye leɓe sosai a -os, a kuma raba ta da -us.

Haruffa 28 ne, kowanne da sautinsa guda, babu q, w, x, y. Waɗanda ke ruɗa mu: c ana furta shi t da s a haɗe, ba tare da matse maƙogwaro irin na ts ɗinmu ba, ĉ shi ne c ɗinmu, ĝ shi ne j ɗinmu, ŝ shi ne sh, ĵ kamar j na Faransanci, ĥ kamar kha na Larabci, ko da yake ba ya yawan zuwa, ŭ kuma w ne a cikin aŭ da eŭ. Sai p da f, da b da v, waɗanda bakinmu ke son haɗewa. *Fino* ƙarshe ne, *pino* wata bishiya ce. *Vero* gaskiya, *bero* ɗan itace. *Mi volas* ina so, *mi bolas* ina tafasa. A v, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Ƙarfin murya kullum a gaɓa ta biyu daga ƙarshe yake: *fa-mi-LI-o*, *ra-DI-o*, *DO-moj*, *AN-kaŭ*. Kowane wasali gaɓa ce, amma j da ŭ baƙaƙe ne, ba sa ƙara gaɓa. Kuma kada a cusa wasali tsakanin baƙaƙe: *kvar*, *knabo*, *strato*, ba kuvar, kinabo ba, don wasalin da aka cusa yana iya janye ƙarfin murya daga mazauninsa.

Auwal: Malama, ya ake rubuta haruffa masu hular nan, irin ĉ da ŝ, a waya?

Malama Rakiya: Yawancin allon rubutu na waya, irin Gboard, suna da Esperanto a jerin harsuna. In babu, hanya biyu ce. Ta Zamenhof: ch, gh, hh, jh, sh, da u tsura. Ta intanet: cx, gx, hx, jx, sx, ux. Ta farko ce ke cikin Fundamento, amma tana da illa a kalma irin *flughaveno* (filin jirgin sama), inda g da h ɗin haruffa ne daban-daban, *flug-* da *haveno*. Tunda x ba ya cikin abacadan harshen, ba ya kawo irin wannan ruɗani.

Malam Isiyaku: Bari in shiga tambayar n ɗin, don ita ce gundarin maganar. Aikinta na farko: nuna karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa kai tsaye. *La kato vidas la hundon*, kyanwa tana ganin kare. A Hausa jerin kalmomi ne ke nuna wa ya ga wa. A Esperanto n ce ke nunawa, shi ya sa *la hundon vidas la kato* ma'anarta ba ta canza ba, har yanzu kyanwa ce mai gani. Sifa tana bin sunan a nan ma, kuma j tana zuwa kafin n: *mi aĉetis novajn librojn*, na sayi sababbin littattafai. Wakilin suna ma yana ɗauka: *mi vidas vin*, *li helpis ŝin*.

Dabarar ganewa: nemi aikatau, ki tambaya wa ya yi, wannan ba n. Ki tambaya me aka yi wa, wannan da n.

Inda ba a sa ta ya fi muhimmanci ga ɗan koyo. Ba a sa ta bayan *esti*, don babu aikin da ya faɗa wa kowa: *li estas instruisto*, shi malami ne. Haka *fariĝi* (zama) da *ŝajni* (yi kama da). Haka akwai da babu: *estas libro sur la tablo*, akwai littafi a kan tebur, *libro* ne aikau (mai yin aikin) a nan duk da ya zo bayan aikatau. Amma ina da littafi *mi havas libron* ne, da n, saboda *havi* aikatau ne mai karɓau. Masu fassara Hausa kai tsaye sukan ce *mi estas kun libro*, wanda ke nufin ina tare da littafi. Ba a kuma sa ta bayan ƙananan kalmomi irin *al, de, kun, por, pri, ĝis*: *mi donis la libron al Petro*.

Aiki na biyu: nuna inda aka dosa. *La infano kuras en la ĉambro*, yaron yana cikin ɗakin yana ta gudu. *La infano kuras en la ĉambron*, daga waje ya rugo ya shiga. Haka *hejme* a gida, *hejmen* zuwa gida. *Kie* ina, *kien* zuwa ina. *Al* da *ĝis* su da kansu suna nuna dosa, shi ya sa ba sa buƙatar n.

Aiki na uku: lokaci da awo. *Mi laboris la tutan tagon*, na yi aiki yini guda. *Mi venos lundon*, zan zo ran Litinin. *La muro estas tri metrojn alta*, tsayin bangon mita uku. Kwanan wata ma haka: *la 15-an de decembro*. Gaisuwa irin *saluton*, *dankon*, *bonan matenon* duk da n suke saboda akwai "ina yi maka fatan" da aka haɗiye.

Auwal: Malam Isiyaku, ni ina ganin a bar ɗan koyo ya yi magana ba n na ɗan lokaci. In ya ce *mi vidas la hundo* kowa zai gane. Ai ko a tarihin harshen an yi ta ƙorafi a kanta, har harshen Ido, da ya ɓalle daga Esperanto a 1907, ya daina tilasta ta.

Malam Isiyaku: Za a gane shi a gajeruwar jimla, ban musa ba. Amma abin da baki ya saba da shi da wuyar kankarewa, kuma n ba ado ba ce. Duba waɗannan: *mi konas vin pli bone ol li*, na fi shi saninka. *Mi konas vin pli bone ol lin*, na fi saninka a kan yadda na san shi. Ko *li farbis la ruĝan pordon*, ya yi wa jar ƙofar fenti, da *li farbis la pordon ruĝa*, ya mayar da ƙofar ja. A ta biyu rashin n a kan *ruĝa* shi ne ke nuna sakamakon aikin. Wanda bai saba jin n ba ba zai ji wannan bambancin ba ko da wani ne ke magana. Zamenhof da kansa ya gabatar da shawarar gyare-gyare a 1894 wadda ta haɗa da cire ta, masu amfani da harshen suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi. Tunda ta zauna, a koye ta daga darasin farko.

Malam Habu: Ina tare da Malam Isiyaku, sai dai a raba ta kashi-kashi. Makon farko karɓau kawai. Dosa, lokaci da awo su biyo baya, domin su ukun suna da madadi: *al la ĉambro*, *dum la tuta tago*, *je lundo*. Karɓau ne ba shi da mafita mai sauƙi.

Bilkisu: Akwai wasu ƙananan kalmomi da suka yi kama da namu amma ma'anarsu ta sha bamban, kuma su ne suka fi kayar da Bahaushe. *Ŝi* ana furta ta shi, amma ma'anarta ita. Shi kuwa *li* ne. *Ni* na nufin mu, ni kuma *mi*. *Ke* ba ke ba ce, cewa ce. *Vi* guda ɗaya ta ɗauke kai, ke, da ku. *Ĝi* na abubuwa ne da dabbobi. Suna ba shi da jinsi, don haka mota ba *ŝi* ba ce, tebur ba *li* ba ne, dukansu *ĝi*. *Oni* ita ce ta zo mana daidai, an ko ana: *oni diras*, ana cewa.

Babbar cikinsu ita ce da. Da ɗinmu guda ɗaya ta rabu uku: *kaj* ta haɗa abubuwa (*pano kaj akvo*), *kun* ta rakiya (*mi iris kun li*), *per* ta kayan aiki (*mi skribas per krajono*). In aka ce *mi skribas kun krajono*, an mai da fensir abokin zama. *Da* ta Esperanto kuwa ta adadi ce kawai: *glaso da akvo* ruwa kofi ɗaya, *multe da homoj* mutane da yawa, *kiom da mono* kuɗi nawa. Ba a sa *la* bayanta, kuma sunan da ya biyo ta ba ya ɗaukar n: *mi trinkis glason da akvo*.

*La* ɗaya ce tilo, ba ta jam'i, ba ta ɗaukar n. Aikinta ya yi kusa da -n da -r ɗinmu a littafin, motar. In ba a san abin ba, ba a sa komai.

Nafisa: Na gode ƙwarai. To *lia* da *sia* fa? Duka na ga ana fassara su da nasa.

Bilkisu: A nan Esperanto ya fi mu tsaurarawa. Petro ya wanke motarsa: motar wa? A Hausa sai an duba zancen. *Petro lavis sian aŭton*, tasa ta kansa. *Petro lavis lian aŭton*, ta wani namiji daban. *Si* da *sia* suna komawa ne ga aikau na wannan jimlar, kuma sharuɗɗansu uku ne. Na mutum na uku ne kawai, don haka *mi lavas min*, *mi lavas mian aŭton*, ba *sian* ba. Ba sa shiga cikin aikau ɗin kansa: *li kaj lia frato venis*, ba *sia frato* ba. Kuma in sabon aikatau ya shigo bayan *ke*, lissafi ya sake: a *Petro diris, ke Karlo lavis sian aŭton*, motar Karlo ce, saboda shi ne aikau na *lavis*.

Malama Rakiya: A koma kan lokutan aikatau kaɗan, don akwai inda muka yi sa'a da inda ba mu yi ba. Sa'ar ita ce maganar da aka ruwaito tana riƙe lokacinta kamar a Hausa: ya ce zai zo, *li diris, ke li venos*, ya ce yana zuwa, *li diris, ke li venas*. Haka -u bayan so, roƙo, ko umarni: ina so ka zo, *mi volas, ke vi venu*. Mu tafi, *ni iru*.

Rashin sa'ar: ina ɗinmu ba ta damu da jiya ko yau ba. Ina karatu lokacin da ya shigo, a Esperanto dole -is: *mi legis, kiam li eniris*. Haka sharaɗi. Mukan ce in ya zo gobe, da siffar abin da ya wuce, amma Esperanto yana duba lokacin ainihi: *se li venos morgaŭ, mi parolos kun li*. Ita -us ta abin da bai tabbata ba ce, da-da ɗinmu: *se mi havus tempon, mi lernus*, da ina da lokaci da na koya. Nakan karanta ba ta da siffa ta musamman, -as ce a ƙara *kutime* ko *ofte*.

Korewa *ne* ce kafin aikatau, sau ɗaya. Ban ga kowa ba: *mi vidis neniun* ko *mi ne vidis iun*. In aka haɗa *ne* da *neniun*, korewa biyun suna cinye juna. Tambayar e ko a'a tana farawa da *ĉu*, kamar shin, ba a juya jerin kalmomi.

Malam Isiyaku: Akwai teburin ƙananan kalmomi 45 na tambaya da nuni da makamantansu, kada a haddace shi a matsayin kalmomi 45. Farko biyar ne, ƙarshe tara. Farko: ki- tambaya, ti- nuni, i- wani, ĉi- duka, neni- babu. Ƙarshe: -o abu, -u mutum ko takamaiman abu, -a iri, -es mallaka, -e wuri, -am lokaci, -al dalili, -el yadda, -om adadi. Abu 14 ke nan. *Kiam* yaushe, *tiam* a lokacin, *iam* wata rana, *ĉiam* kullum, *neniam* daɗai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne *tio libro*. Masu -o su kaɗai suke tsayawa, in akwai suna a gaba sai -u: *tiu libro*, *kiu libro*. Don nuna kusanci a ƙara *ĉi*: *ĉi tiu libro*, wannan littafin. Sannan *kiu* ita ce wanda, wadda, waɗanda, kuma tana ɗaukar j da n gwargwadon aikinta a tata jimlar, ba ta uwar jimla ba. *La viro, kiu vidis min*, mutumin da ya gan ni. *La viro, kiun mi vidis*, mutumin da na gani. *La libroj, kiujn mi legis*.

Lambobi ba sa ɗaukar n ko j: *mi havas tri librojn*. *Dek du* 12, *dudek* 20, *dudek du* 22, *cent* 100, *mil* 1000. *Miliono* ce ta fita daban, suna ce: *du milionoj da homoj*.

Malam Habu: Ɗafe-ɗafe kuwa Bahaushe ya riga ya san dabarar. Ma- ɗinmu na makaranta, mataji, manomi, shi ne Esperanto ya raba: -ej- wuri, -il- kayan aiki, -ist- mai sana'a. *Lernejo* makaranta, *kombilo* mataji, *instruisto* malami. *Mal-* kishiya: *granda* babba, *malgranda* ƙarami, *fermi* rufe, *malfermi* buɗe. Ba ta nufin mugu, kuma ta bambanta da *ne*: *ne varma* ba zafi, *malvarma* sanyi. -et- ragewa, -eg- ƙarawa, -in- mace, -ar- tari, ge- maza da mata tare, kamar *gepatroj* iyaye.

Wanda zan ja kunne a kansa shi ne -ig- da -iĝ-, don ko waɗanda suka daɗe suna tuntuɓe a nan. Kowane aikatau ko dai so-karɓau ne (mai ɗaukar karɓau) ko ƙi-karɓau (wanda ba ya ɗauka), kuma ba a gane hakan daga siffarsa, sai an duba ƙamus. *Rompi* so-karɓau ne, fasa: *mi rompis la tason*. Kofin ya fashe kuwa *la taso rompiĝis*. *Boli* ƙi-karɓau ne: *la akvo bolas*, ruwa yana tafasa, mai dafawar kuma *boligas la akvon*. *Komenci* so-karɓau ne, don haka darasi ya fara *la leciono komenciĝis* ne. In aka ce *la leciono komencis*, mai sauraro zai jira ya ji me darasin ya fara. Haka *fini* da *finiĝi*, *fermi* da *fermiĝi*. *Sidi* zama a zaune, *sidiĝi* zaunawa, *sidigi* zaunar da wani. Shawarata: duk sabon aikatau a rubuta shi cikin gajeruwar jimla, ba shi kaɗai ba.

Auwal: To ai nan maganar da ake yi cewa a Esperanto "babu togaciya" ta rushe, Malam. In sai na haddace kowane aikatau, ina sauƙin?

Malam Habu: Ƙarshen kalmomi ne ba su da togaciya. Ma'anar saiwa kuwa dole a koye ta, kamar a kowane harshe. Har ajin saiwar ma yana da tasiri: *komb-* saiwar aiki ce, shi ya sa mataji *kombilo*, *kombo* kuwa tazar kanta ce. Amma *bros-* saiwar abu ce, *broso* shi ne buroshin, ba a buƙatar -il-. Wannan gaskiya ce da masu tallar harshen ba sa yawan faɗa.

Bilkisu: Ƙari ɗaya kan -a da -e. In babu sunan da ake siffantawa, -e ake sawa: *estas varme*, ana zafi, *legi estas utile*, karatu na da amfani. *La ĉambro estas varma* kuwa da -a, don akwai ɗaki. Kuma ba a sa *ĝi* a maganar yanayi: *pluvas* kawai, ana ruwa. Kwatance: *pli granda ol* ya fi girma, *la plej granda el* mafi girma a cikin, *tiel granda kiel* girmansu ɗaya.

Nafisa: Allah ya saka da alheri. Su *leganta*, *legita* fa, yanzu zan koye su?

Malama Rakiya: Ki san su don karatu, kada ki matsa wa kanki amfani da su tukuna. Shida ne, kuma wasalinsu shi ne na -as, -is, -os. Na mai yi: -ant-, -int-, -ont-. Na wanda aka yi wa: -at-, -it-, -ot-. *Leganta* mai karantawa yanzu, *leginta* wanda ya karanta, *legota* wanda za a karanta, *legita* karantacce. Da -o sukan zama mutum: *leganto* mai karatu, har sunan harshen ma daga nan yake, *esperanto*, mai fata. Jimloli irin *mi estas leganta* daidai ne, amma *mi legas* ta wadatar kusan kullum. Zaɓi tsakanin *estis -ata* da *estis -ita* kuwa manyan masana sun shafe shekaru suna gardama a kansa a ƙarni na 20. Ki kauce masa da *oni*: maimakon *la domo estis konstruita*, ki ce *oni konstruis la domon*, an gina gidan, da n a kan *domon*.